Inna Me-ka-taɓa, Wadda Ba Ta Goge Shafi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin masu shara su gama da barandar ginin gudanarwa na jami'armu, za ka ji ƙarar makullanta a ƙarshen lungu, wajen ɗakin nan da ke tsakanin ma'ajiyar karyayyun kujeru da matattakala. Ɗaki ne mai taga ɗaya da tebur biyu, sai wata fanka mai kaɗa kai kamar tana musun magana. Inna ce ta iso, mai kula da shafinmu na intanet. Ba kwamfuta take fara kunnawa ba. Sai ta rataye jakarta, ta jawo aljihun tebur, ta ciro wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ta buɗe shafin intanet na jami'a a kanta. Na taɓa tambayarta dalili, alhali ga allo mai faɗi a gabanta. Ta ce, "Uban da ke son ya ga ko an ɗauki 'yarsa, da irin wannan wayar zai duba. In ya buɗe a nan, to ya buɗe." Daga nan sai ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya: na ɗaukar ɗalibai, na jarrabawa, na ɗakin karatu, na asibitin makaranta. Sai ta gama za ta zuba shayinta, wanda yawanci yakan huce kafin ta kai rabi.

Ni ma'aikacin ofishin yaɗa labarai ne. Shekara goma sha huɗu ina rubuta sanarwar jami'a, shi ya sa take kirana Malam Sanarwa. In sanarwa ta fita tsaf, ni ake yaba wa, ni kuwa ban taɓa mayar da yabo ba, karɓe abina nake yi. Sai da aka daɗe kafin na fara tambayar kaina: shin me matar nan take yi a ɗakin can tun safe har yamma? Shafi dai ga shi nan a tsaye, ba ya ci ba ya sha. Me ake gadi?

Ga abin da na gano. A bayan shafin da kowa ke gani akwai wata manhaja, wadda ta nan ake shiga a rubuta, a gyara, a sa hoto, a cire. Kowane sashe na jami'a yana da mutum ɗaya ko biyu da aka ba kalmar sirri, sun haura mutum saba'in, daga sakatarori zuwa farfesoshi. In ka gama rubutu, akwai maɓalli biyu a ƙasa. Na hagu shi ne "adana", yana ajiye maka aikinka a ciki ba tare da kowa ya gani ba. Na dama shi ne "wallafa", shi ke fitar da shi duniya. Can gefe kuma akwai wani ja, "goge". Mutum saba'in, maɓalli uku, mace ɗaya. To ka ji abin da ake gadi.

Ƙarfe tara wayar ofis take fara ruri. Kuma wallahi duk wanda ya kira, da magana ɗaya yake buɗewa: "Inna, ban taɓa komai ba, kawai gani na yi ya ɓace." Ita kuwa ba ta faɗa, ba ta dariya. Sai ta ce, "Na yarda. Amma kafin ba ka taɓa komai ɗin ba, me ka taɓa?" Daga nan sunan ya bi ta. Yau ko sabon direba aka ɗauka, kafin ya san ofishin shugaban jami'a ya san ɗakin Inna Me-ka-taɓa.

Masinjan tsangayar shari'a ya ba ni labarin ranar da maigidansa, babban farfesa mai furfura, ya liƙa jawabinsa mai shafi tara a kan fuskar shafin jami'a, daidai inda sunayen sababbin ɗalibai suke. Ya ce yana tsaye farfesan ya kira Inna. Cikin minti huɗu sunayen suka dawo. Da aka tambaye ta a taro wa ya yi wannan aika-aika, cewa ta yi, "Hannu ne ya zame, an gyara." Har yau ba ta faɗi sunan ba. Masinjan ne dai bakinsa bai da ƙofa. Mai kula da ɗakin karatu kuma ta shaida mini cewa Inna ta zauna da ita sau biyar tana koya mata yadda ake rage nauyin hoto, kuma a karo na biyar ɗin ma ba ta ce "ai na gaya miki" ba.

Abin mamaki, ba ta karanci kwamfuta a aji ba. Da tafireta ta fara, a ɗakin masu buga takardu, tana 'yar shekara ashirin da biyu. Lokacin da jami'a ta buɗe shafinta na farko, aka nemi wanda zai riƙa buga rubutun ciki, duk aka noƙe, aka tura ta don ita ce mai saurin hannu. Injiniyan da ya kafa abin ya yi wata takwas ya samu aiki mai maiƙo ya tafi, ya bar mata littafi mai kauri da lambar wayar da ba ta shiga. Da littafin nan da tambaya ta koya. Duk tsawon shekarun nan tana buga maɓallan kwamfuta da ƙarfin tafireta, daga baranda kana jin ta.

Akwai wata kalma tata da sai ka fahimce ta kafin ka fahimci matar. Inna ba ta goge shafi. In aka ce mata shafi kaza ya tsufa, a cire, sai ta ce, "To, zan kwantar da shi." Kwantarwa a wurinta ita ce ta janye shafin daga idon jama'a, ta sa masa kwanan wata da sunan sashe, ta ajiye shi a wani lungu na manhajar. Mukan yi mata tsiya, mu ce Inna ta buɗe ɗakin kwanan shafuka, saura ta saya musu gidan sauro. Takan ce, "Ku yi dariyarku. Wanda ya kwanta ana iya tashinsa."

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, don in ban faɗa ba wannan jinjina ba ta cika ba.

Shekara shida da suka wuce jami'a ta yanke shawarar komawa sabuwar manhaja. Aka kafa kwamiti, aka sa ni sakatare. Kamfanin da aka ba aikin ya ce a kwashi shafukan da ke raye kawai, a bar sauran. Sauran kuwa su ne shafukan da Inna ta kwantar, da kuma abin da ake kira tarihin gyara, wato kowane tsohon rubutu da aka taɓa yi wa shafi kafin a sake shi. Suka ce kaya ne masu nauyi, babu mai nemansu. Ni na rubuta takardar amincewa, kuma don in burge, na kira su "tarkacen da ya kamata a share". Na ji daɗin jimlar nan ƙwarai a lokacin. Inna ba 'yar kwamiti ba ce, an kira ta ne kawai ta saurara. Ta ɗaga hannu ta ce a ba ta sati uku. Shugaban kwamiti ya ce in dai ba za ta jinkirta aikin ba, ta yi abin da ta ga dama. Na tuna har na ce wa na kusa da ni, "Tsufa ne." Daga nan ban sake bi ta kan maganar ba.

Bara, ranar wata Litinin, autarmu ta kira ni. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a hannuna ta yi karatu. A jami'ar nan ta karanci haɗa magunguna, ta gama shekara goma sha biyu da suka wuce, daga baya aiki ya kai mijinta wata ƙasa suka koma da 'ya'yansu uku. Ta yi shekara biyu tana fafutukar samun lasisin aiki a can, har wani asibitin yara ya yi mata alkawarin gurbi. Sai hukumar lasisin ta tsaya a kan abu ɗaya. A takardar sakamakonta akwai lambar wani kwas na awon maganin ƙananan yara, amma lamba ce kawai. Suna son bayanin kwas ɗin daga jami'a, abin da aka koyar da awa nawa aka yi, kamar yadda yake a shekarar da ta yi shi. Sun ba ta kwana goma. In babu, sai ta koma aji shekara guda, gurbin asibiti kuma a ba wani.

"Yaya," ta ce, "kai da kake ciki, ai wannan ba zai gagare ka ba." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin yini ɗaya ne. Da baki kawai na faɗa, don ban san ta inda zan fara ba.

Na je sashensu. Littafin kwasa-kwasan da aka buga a shekarar babu kwas ɗin a ciki, don a tsakiyar shekara aka ƙara shi. Malamin da ya koyar ya rasu. Fayilolin sashen kuwa rufin ma'ajiya ya yi yoyo shekarun baya, sun manne sun zama dunƙule. Na je wurin magatakardan jami'a, ya ce yana tausaya mini, amma ba zai sa hannu a kan abin da bai gani a rubuce ba. Kwana uku suka tafi a haka. Ranar Alhamis da safe na tsinci kaina a ƙarshen lungu, tsakanin karyayyun kujeru da matattakala.

"Malam Sanarwa, lafiya? Fuskarka kamar an soke taro."

Na zayyana mata. Ta jawo mini kujera kusa da ita. Sai na ga idonta ya yi wani haske, irin na mai son warware ƙulli. Ta ce, "Mutanen sashen nan na san halinsu. Ba sa buɗe sabon shafi kowace shekara. Shafi ɗaya gare su, a kansa suke ta shafa sabon rubutu, kamar mai fenti a kan fenti. Sai mu kankare mu gani."

Ta buɗe shafin, ta shiga tarihin gyaransa. Ga su nan jere, bara, bara waccan, har ƙasa. Na ga mun wuce shekarar da aka sauya manhaja, jerin bai tsaya ba. Na ce, "Inna, waɗannan ba su ne aka ce a bari ba?" Ta ce, "Su ne. Sati uku na yi ina kwaso su, sashe-sashe." Ba ta dube ni ba, ni ma na gode Allah da ba ta duba ba.

Muka isa shekarar auta. Ta buɗe abin da aka wallafa a lokacin. Kwas goma sha ɗaya, na ƙirga sau uku. Namu babu.

A nan ne na yi abin kunya na biyu. Na rage murya na ce, "Inna, ke da kike da makullin komai, ki ƙara layi ɗaya mana. Ai ba ƙarya ba ce, ta yi kwas ɗin. Wa zai sani?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Manhajar za ta sani, don za ta rubuta yau ne, kuma ni ce. Ko ba ta rubuta ba, ni na sani. In mutanen can suka gano layi ɗaya na ƙarya, ba ƙanwarka kaɗai za su ƙi ba, duk wanda ya fito daga gidan nan ne. Bari dai mu tambayi shafin, wa ya taɓa shi."

Ta koma jerin tana bi a hankali da yatsa a jikin allo. Sai ta tsaya. Tsakanin gyaran farkon shekarar da na shekara mai bi, akwai wani layi mai launin toka, ba baƙi kamar sauran ba. Ta ce, "Ka ga wannan? An rubuta, an adana, ba a wallafa ba." Ta danna. Kwas goma sha biyu. Na ƙarshen shi ne namu, da bayaninsa, da awanninsa, har da sunan marigayin da ya koyar. A gefe ga kwanan wata, ga sunan wanda ya buga: tsohon sakataren sashen, wanda ya yi ritaya shekara takwas da suka wuce.

Na miƙe zan yi ihu, ta ce in zauna. "Daftari ne. Ban sani ba ko mantuwa ce ta hana a fitar da shi, ko kuwa fasawa aka yi. Sai mun ji daga bakin mai hannun."

Da aka tashi hutun rana na ɗauke ta a motata muka tafi gidan Baba Sakatare. Muka same shi a ƙofar gida yana gyara kejin kaji, jikarsa na miƙa masa ƙusa. Bayan gaisuwa Inna ta nuna masa takardar da ta buga. Ya kai ta nesa da ido, ya karanta, ya ce, "Aikina ne wannan. Ni na buga shi da hannuna ranar da majalisar jami'a ta amince. Kuma na fitar da shi, ban bar komai ba."

Inna ta ce, "Na yarda, Baba. Da ka gama bugawa, me ka taɓa?"

"Maɓallin mana."

"Na wane hannu?"

Ya ɗaga hannayensa biyu yana kallonsu, guduma a ɗaya. Ya ajiye gudumar. Can ya ce, "Na hagu. Kullum na hagu nake dannawa, sai ya ce mini an adana, in ce alhamdu lillahi in tashi." Sai ya dafe kai. "Kai! Ashe shekara nawa ina rubuta wa kaina wasiƙa?"

Muka yi dariya har jikar ta tsorata. Inna ta ce masa ba duka ba ne, sauran takan bi ta fitar masa da su ba tare da ya sani ba, wannan ne ya kuɓuce mata don a watan tana asibiti tana jinyar mahaifiyarta. Ta faɗi haka ne kamar laifin nata ne. Kafin mu tashi Baba ya nuna wasu ƙananan lambobi a ƙasan takardar, waɗanda ni na ɗauka datti ne. Ya ce ɗabi'arsa ce tun zamanin tafireta, ba ya buga abu sai ya sa lambar zaman majalisar da ta amince da shi. Da lambar nan magatakarda ya sa aka buɗe kabad ɗin da ya dace washegari, aka zaro rahoton zaman, ga kwas ɗin a shafi na huɗu. Ya sa hannu. Inna ta tashi daftarin daga kwanciya, ta wallafa shi, ta rubuta gaskiya a samansa: an buga ranar kaza, kuskure ya hana fitarwa, an tabbatar yau. A rana ta takwas auta ta tura wa hukumar. Yanzu haka tana asibitin yaran nan tana awon magani.

Bayan komai ya lafa na koma ɗakin, na ce mata akwai maganar da nake son yi game da wata takarda da na taɓa rubutawa. Ta ce, "Ta tarkace?" Ta danna sau biyu, sai ga takardata a allo, da sa hannuna. Na ce don Allah ta goge. Ta ce, "Haba, Malam Sanarwa. Ai ka san ba na gogewa. Tana kwance, babu mai tashinta." To ga shi yau ni na tashe ta da kaina.

Inna, ke ce kika ɗauki sati uku kina kwasar abin da mu masu manyan takardu muka kira shara, kuma a ciki aikin ƙanwata yake kwance. Ke ce kike tambayar mutum me ya taɓa ba don ki kunyata shi ba, sai don ki san ta inda za ki fara. Ke ce kika rufa wa farfesa asiri, kika rufa wa sakatare, kika rufa mini, amma kika ƙi ƙara layi ɗaya na ƙarya ko da ina roƙonki ido ya kawo ruwa. Ranar na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Yau kuwa ina jin kunya, ina kuma jin daɗin cewa ke ce a kujerar nan ba ni ba. Uwar shafuka, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Auta ta ce in gaya miki 'yarta ta fari ta fara tambayar yadda ake koyon irin aikinki.

Ku kuma da ke riƙe da wani makulli a wani ofis, ko na kwamfuta ne ko na kabad, ku yi koyi da ita. Ku duba aikinku da idon mai tsohuwar waya. Ku tambaya kafin ku yi faɗa. Kada ku yi saurin kai hannu ga jan maɓalli don wani mai iya rubutu irina ya ce tarkace ne. In kuma akwai irinta a ƙarshen lungunku, ku je ku gaishe ta tun ba ranar da kuka shiga uku ba.

Ƙarshen watan jiya Inna ta yi ritaya, bayan shekara talatin da biyar. Ta bar tsohuwar wayar a aljihun tebur, da caja a naɗe. Ranar Litinin matar da ta gaje ta ta kira ni ɗakin, ta ce in zo in ga wani abu. Doka ce in ma'aikaci ya tafi a cire sunansa daga manhajar. Da ta zo cirewa, sai manhajar ta tsaya ta yi tambaya: wannan mai suna tana da gyara dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida, sunan wa za a mayar da su? Ga jerin sunayenmu a ƙasa, mu saba'in da wani abu, har da nawa.

Muka daɗe muna kallon jerin, fanka na kaɗa kai a samanmu. Ta ce, "Malam, wa zan zaɓa?"

Na ce, "Babu. Kada ki goge ta. Kwantar da ita."